Jirgi Mai Tayar Wutsiya da Wasan Alkafura a Sama: Yadda Ake Horar da Matuƙan Ƙananan Jirage

Gabatarwa

A duk lokacin da aka yi wani babban biki, sojojin sama suka fito da jiragensu suna alkafura da birgima a kan jama'a, ba a rasa dattijon da zai girgiza kai ya ce wannan ganganci ne da wasa da rai. Ni kaina a kan wannan ra'ayi nake, har zuwa lokacin da aikin gwamnati ya haɗa ni da wani tsohon matuƙin jirgin feshi a ƙasar Haɗeja, a ƙarshen shekarun 1980. Daga bakinsa na fara jin cewa abin da muke ɗauka wasa darasi ne, kuma akwai matuƙan da suka rasa rayukansu da na fasinjojinsu saboda ba su taɓa zama a wannan aji ba. Bayan na ajiye aiki na sami sukunin bin maganar tasa a cikin littattafai da rahotannin binciken haɗurra, na tarar bai yi ƙari ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan horo iri biyu da ake ba matuƙan ƙananan jirage. Na farko shi ne tuƙa jirgin da ƙaramar tayarsa take a wutsiya. Na biyu shi ne koyon alkafura da birgima a sama. Su biyun tafe suke tare, domin yawancin jiragen da ake koyon alkafura da su masu tayar wutsiya ne, kuma abu guda suke koyarwa, wato matuƙi ya riƙa jin halin jirginsa a jikinsa, da ƙafa da hannu, tun kafin agogunan da ke gabansa su faɗa masa.

Jiragen da suka fara sauka a ƙasarmu

A ranar 27 ga Oktoba 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da birnin Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan da Cadi, suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, a filin wasan dawaki da ke wajen ganuwa. Wannan ya faru ne a zamanin Sarkin Kano Usman, wanda ake kira Ɗan Tsoho. Shi Coningham daga baya ya zama babban kwamanda a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1948 ya ɓace a Tekun Atlantika cikin wani jirgin fasinja da ba a sake ganinsa ba.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙirar jiragen. Fiffike biyu gare su, ɗaya bisa ɗaya, an yi su da katako an lulluɓe da yadi. Tayoyi biyu ne a gaba, a wutsiya kuwa ko taya babu, sai wani guntun katako mai bakin ƙarfe da ke jan ƙasa. Ba su da birki. Wannan katakon da ke karce ƙasa shi ne birkin, shi ne kuma yake hana wutsiya kaucewa. Saboda haka irin waɗannan jirage ba sa bukatar titi mai kwalta. Abin da suke so shi ne fili mai faɗi inda matuƙi zai fuskanci iska ko daga ina take kaɗawa, shi ya sa filin dawaki ya wadatar da su.

Da aka fara shimfiɗa wa jirage kwalta, sai katakon ya zama matsala, domin ba ya kama kwalta, zamewa yake yi. Nan aka maye gurbinsa da ƙaramar taya, aka kuma sa wa manyan tayoyin birki. Jiragen kamfanin Imperial Airways da suka fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano a 1936 masu tayar wutsiya ne. Haka ma jiragen yaƙi samfurin Hurricane da aka riƙa harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana tun daga 1940, ana tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Dattawan da suka shiga jirgin DC-3, wanda ya yi jigilar fasinja tsakanin biranen Nijeriya har cikin shekarun 1960, za su tuna cewa idan mutum ya shiga ta ƙofar baya sai ya yi hawa kamar mai hawan tudu kafin ya kai kujerun gaba, saboda jirgin a zaune yake a kan wutsiyarsa, hancinsa na duban sama.

Sauyi ya zo wa ƙananan jirage a shekarun 1950. Kamfanin Piper na Amurka ya fito da samfurin Tri-Pacer a 1951, Cessna kuma ya ɗauki jirginsa mai lamba 170 ya mayar da ƙaramar tayar gaba, ya sa masa lamba 172 a 1956. Tallar da suka yi masa ta nuna cewa sauka da shi ba ta fi tuƙa mota wuya ba. Kasuwa ta karɓe shi, har an ƙera sama da 40,000, babu wani jirgi a tarihi da aka ƙera da yawa kamarsa. Cikin 'yan shekaru makarantun tuƙi suka koma kan jirage masu tayar hanci, aka sami zuriyar matuƙan da ba su taɓa taɓa na da ba.

Dalilin da ya sa mai tayar wutsiya yake da gardama

Malamin da yake son bayyana wa ɗalibai wannan batu yana da misali a ƙofar makarantarsa, wato babur mai ƙafa uku da muke kira A Daidaita Sahu. Taya ɗaya a gaba, biyu a baya, kamar dai jirgin zamani. Idan yana tafiya gaba, tayar gaba ce take ja, jiki na bin ta. To, a ɗauka an ce wa direban ya yi ta tafiya da baya, da gudu, a kan miƙaƙƙiyar hanya. Da zarar ya ɗan karkace, karkacewar ƙaruwa za ta yi, in bai yi maza ya gyara ba sai ya wulwula ya fuskanci inda ya fito. Wannan shi ne halin da matuƙin jirgi mai tayar wutsiya yake ciki a duk lokacin da tayoyinsa suke ƙasa.

Asalin abin yana ga inda nauyin jirgi ya taru. A jirgi mai tayar hanci, cibiyar nauyi tana gaban manyan tayoyi. Idan ya sauka a ɗan karkace, nauyin nan zai jawo hancin ya miƙe da kansa. A mai tayar wutsiya, cibiyar nauyi tana bayan manyan tayoyi. Idan ya sauka a karkace, nauyin yana ƙoƙarin wuce tayoyin ya shige gaba, wato wutsiya tana son ta zama kai. In matuƙi ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu, jirgin zai juya a wuri ɗaya kamar an murɗa shi, fiffike ɗaya ya daki ƙasa, wani lokaci ƙafar jirgin ta karye. Wannan shi ne juyin ƙasa. Ba kasafai yake kisa ba, tun da jirgin ya riga ya rage gudu, amma ya lalata jirage ba iyaka.

Maganinsa yana ƙarƙashin ƙafafun matuƙi. A wutsiyar kowane jirgi akwai wani allo a tsaye da ke kaɗawa dama da hagu, feda biyu ne suke sarrafa shi. Matuƙin jirgi mai tayar hanci zai iya yin kasala da fedojin nan, jirgin ya rufa masa asiri. Na mai tayar wutsiya ba shi da wannan gata. Ƙafafunsa ba sa hutawa, taɓa nan, saki, taɓa can, saki, kamar masaƙi a kan masaƙarsa, har sai jirgin ya tsaya cik.

Wani zai tambaya, in haka ne me ya sa ba a watsar da wannan ƙira gaba ɗaya ba? Dalili shi ne tana da amfanin da ɗayar ba ta da shi. Farfela tana nesa da ƙasa, tsakuwa da kututture ba sa saurin samunta. Ƙaramar tayar wutsiya ba ta da nauyi, ba ta kuma tare iska kamar doguwar ƙafar hanci. Sannan a filin da ba a gyara ba, mai ramuka da yashi, ƙafar hanci ce take fara karyewa. Shi ya sa har yanzu jiragen feshin gona, da na shiga daji a wurare irin su Alaska da Kanada, yawancinsu masu tayar wutsiya ne.

Abin da na gani a ƙasar Haɗeja

A lokacin ina ƙaramin jami'i a fannin gona na tsohuwar Jihar Kano, kafin a cire Jigawa a 1991. Tsuntsayen jan-baki sun sauko wa manoman shinkafa da gero, aka kawo ƙananan jirage biyu domin feshi. Aikina shi ne in tattara leburori mu share fili, mu cike ramukan gara, mu hana dabbobi ƙetarawa. Feshin jan-baki da almuru ake yinsa, lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu a cikin kachala, don haka matuƙan kan dawo duhu ya fara shiga.

Babba daga cikin matuƙan dattijo ne mai furfura, tsohon sojan sama, muna ce masa Kyaftin. Ɗayan saurayi ne wanda awoyinsa na tashi ba su da laifi, amma kusan duka a kan jirage masu tayar hanci ya tara su. Wata rana da yamma iska ta juya tana bugowa daga gefe, alamar hadari. Saurayin ya sauko lafiya lau, tayoyinsa uku suka taɓa ƙasa, har na fara tafa hannu. Sai kawai na ga wutsiyar jirgin ta fita gefe, ƙura ta turnuƙe, da ta lafa sai ga jirgin yana fuskantar inda ya fito, bakin fiffikensa ɗaya a lanƙwashe. Yaron ya fito ko ƙwarzane babu, sai dai kunya. Jirgin bai sake tashi ba a wannan damina, kuma ƙauyukan da aka tsara zai yi wa feshi sai da suka jira layi, wasu har tsuntsu ya gama da gonakinsu.

Da dare na tambayi dattijon, na ce, "Kyaftin, ranka ya daɗe, ai na ga ya riga ya sauka, me kuma ya faru?" Ya ce, "Ƙanena, shi ma abin da ya ɗauka ke nan. Da ya ji taya a ƙasa sai ya saki ƙafarsa. Wannan jirgi ba a gama tuƙa shi sai an ɗaure shi da igiya." Washegari ya ɗora ni a kan benci, ya ba ni sandar tsintsiya a hannu, ya aza bulo biyu a gaban ƙafafuna, ya yi ta nuna mini yadda ake yi. Yawancin abin da zan faɗa a sashe na gaba a kan wannan benci na fara jinsa.

Yadda ake koyarwa

Ɗalibin da ke zuwa wannan horo yawanci ya riga ya sami lasisinsa. Jiragen da aka fi koyarwa da su masu kujera biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya, irin su Piper Cub wanda aka fara ƙerawa a shekarun 1930, da Citabria na 1964. Turawan Ingila da ƙasashen da suka raina sun daɗe suna koyo a kan Tiger Moth na 1931, daga baya Chipmunk na 1946.

Darasin farko ba a tashi sama, a ƙasa ake yawo. Da yake hancin jirgin a ɗage yake, a wasu samfuran matuƙi ba ya ganin gabansa, dole ya riƙa tafiya yana karkata dama da hagu kamar tafiyar maciji, yana leƙawa ta gefe. Ana koya masa ya riƙe sandar tuƙi a jikin cikinsa domin iskar farfela ta danne wutsiya ƙasa, kuma ya ji tsoron birki, domin in ya taka da ƙarfi wutsiya za ta ɗaga, farfela ta sari ƙasa.

Wajen tashi akwai wani abin mamaki. Idan aka ba da totur, jirgin ba ya son tafiya a miƙe. A jiragen Amurka farfela tana juyawa ta hannun dama in an dube ta daga kujerar matuƙi, kuma wannan juyi yana karkatar da hanci hagu. Lokacin da matuƙi ya tura sanda gaba domin ɗaga wutsiya, karkatar takan ƙaru farat ɗaya. Don haka ƙafar dama tana aiki tun kafin a ga alamar karkacewa. Injin Tiger Moth kuwa ta ɗaya hannun yake juyawa, saboda haka wanda ya saba da jirgin Amurka in ya hau shi sai ya sauya ƙafa.

Sauka iri biyu ce. A ta farko matuƙi yana riƙe jirgin dab da ƙasa, yana jan sanda a hankali har gudu ya ƙare, tayoyi uku su taɓa ƙasa lokaci guda. Ita ce ta dace da gajeren fili ko mai laushi. A ta biyu yana saukowa da ɗan sauran gudu, ya aza manyan tayoyin kawai, ya ɗan tura sanda gaba domin su manne, ya bar wutsiya a sama har ta sauko da kanta. Wannan ɗan turawar ita ce take ba ɗalibai wuya, domin zuciya ba ta yarda mutum ya tura hancin jirgi ƙasa alhali ga ƙasa nan a gabansa. Wanda ya ƙi turawa, wutsiya za ta faɗi, fiffike ya sake kamo iska, jirgin ya yi tsalle, ya dawo, ya sake tsalle fiye da na farko. Malamai kan ce in tsalle ya kai biyu a ba da totur a tashi a sake zagayowa, ba abin kunya ba ne.

Idan iska tana bugowa daga gefe, sai a kwantar da fiffiken da ke wajen iskar, a taka fedar ɗaya ɓangaren domin hanci ya miƙe da titi, a sauka a kan taya guda tukuna. Hannu na cewa dama, ƙafa na cewa hagu. A Amurka doka ta tanadi cewa duk wanda bai taɓa jan ragamar irin wannan jirgi ba kafin 15 ga Afrilu 1991, sai malami ya horar da shi ya sa masa hannu a littafin awoyinsa, bayan ya gwada shi a tashi da sauka cikin iskar gefe, da sauka a kan manyan tayoyi, da fasa sauka. Dokar ba ta yanke yawan awoyi ba, ta bar wa malami. Yawancin ɗalibai kan ɗauki tsakanin awa 5 zuwa 10.

Alkafura, birgima da katantanwa

Kafin a fahimci amfanin alkafura sai an san abin da ke riƙe jirgi a sama. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne saboda iskar da ke bi ta samansa da ƙasansa, kuma yawan ɗaukar ya danganta da yadda fiffiken ya ɗaga baki yana fuskantar iskar. In aka ɗaga bakin ya wuce kimanin digiri 15 zuwa 18, sai iskar ta daina bin bayan fiffiken, ta watse, ɗauka ta ragu nan take. A nan zan kira wannan sarewar fiffike. Mutane da yawa suna zaton mutuwar inji ce take kawo ta. Ba haka ba ne, inji na iya kasancewa yana ruri da dukkan ƙarfinsa fiffike ya sare, kuma yana iya sarewa a kowane gudu, ko hanci na duban sama ko ƙasa. Maganinta guda ne, a tura sanda gaba a rage ɗagawar. Matsalar ita ce mutumin da ya ji yana faɗuwa, abin da jikinsa zai ba shi shi ne ya ja sanda baya, wanda shi ne ainihin abin da ke ƙara dagula al'amari.

In fiffike ɗaya ya fi ɗaya sarewa, jirgin zai kifa gefe ya fara gangarowa yana juyi a kan hancinsa, kamar katantanwar da yara ke murzawa. A farkon zamanin jirage duk wanda ya shiga katantanwa an ɗauka tasa ta ƙare. A watan Agusta 1912 wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Wilfred Parke ya faɗa cikinta a Larkhill. Ya ja sanda, ya taka feda ta ɓangaren da yake juyawa, ba abin da ya sauya. Dab da ƙasa sai ya taka ɗaya fedar, jirgin ya miƙe nan take. Abin da ya gano da katari shi ake koyarwa har yau: a rage totur, a mayar da sanda tsakiya, a taka fedar da ke kishiyantar juyin har ƙarshe, a tura sanda gaba, in juyi ya tsaya a saki feda a jawo jirgin a hankali.

Shekara guda bayan haka, a Satumba 1913, wani hafsan Rasha, Pyotr Nesterov, ya yi alkafura ta farko a kusa da Kiev, ya zagaya cikakkiyar da'ira a tsaye. Shugabanninsa tsare shi suka fara yi saboda ya yi kasada da kayan gwamnati. Bayan 'yan kwanaki wani Bafaranshe, Adolphe Pégoud, ya yi irinta a gaban jama'a, duniya ta ɗauka, sai ga Nesterov ya koma abin yabo.

Ɗalibin alkafura yana fara darasinsa ne da nisa daga ƙasa, dubban ƙafafu, sanye da laimar sauka. Dokar Amurka ta hana yin wannan wasa ƙasa da ƙafa 1,500, ko a kan gari ko taron jama'a, sai da izini na musamman. Ba kowane jirgi ne kuma ya dace ba. Ƙaramin jirgi na yau da kullum an gina shi ya jure nauyi ninki 3.8 na nauyinsa, na alkafura kuwa aƙalla ninki 6 in ana danna shi, ninki 3 in yana kife. Samfura irin su Decathlon da Pitts da Extra an yi musu tankin mai da na baƙin mai ta yadda inji ba zai mutu ba ko jirgin na tafiya a kife.

Wannan batu na ninkin nauyi jikin matuƙi ma yana ɗanɗana shi. A gindin alkafura nauyi yakan kai kusan ninki 4, wato mutum mai kilo 70 zai ji kamar kilo 280 ne zaune a kujerar. Jini yana gangarowa daga kai zuwa ƙafafu, gani ya fara dishewa, in abin ya yi yawa a suma. Ana koya wa ɗalibi ya ɗaure tsokar cikinsa da cinyoyinsa domin ya tare jinin. Tashin zuciya kuwa kusan kowa yana fama da shi a farko, shi ya sa darasin ba ya wuce rabin awa ko minti 45.

Ana fara wa ɗalibi da kwana mai tsanani. Jirgin da ya kwanta digiri 60 yana riƙe da tsayinsa nauyinsa ya ninka biyu, kuma gudun da fiffikensa zai sare ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Daga nan sai birgima, sai alkafura, sai katantanwa, sai tafiya a kife. A ganina darasin da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ba a nuna wa 'yan kallo: malami ya ce wa ɗalibi ya rufe ido, ya kifar da jirgin hanci ƙasa, sannan ya ce buɗe ka gyara. Wanda bai koya ba zai ja sanda baya, ya nufi ƙasa kai tsaye yana ƙara gudu. Wanda ya koya zai sassauta sanda, ya mirgina jirgin ya dawo daidai tukuna, sannan ya ja.

Akwai kuma ɓangaren gasa, wanda ba zan daɗe a kansa ba. An yi gasar duniya ta farko a Bratislava a 1960. Wani matuƙi ɗan Sifen, José Luis Aresti, ya ƙirƙiro alamomin da ake rubuta kowane juyi da su a takarda, har yau da su ake aiki. Ana yin wasan ne cikin wani akwatin iska mai faɗin mita 1,000, alƙalai na zaune a ƙasa suna ba da maki daga 0 zuwa 10.

Yadda aka ajiye, da yadda aka koma

A 1949 hukumomin Amurka suka cire katantanwa daga jarrabawar matuƙan ƙananan jirage, suka bar ta ga masu son zama malaman tuƙi kawai. Ba da wasa suka yi haka ba, mutane da yawa sun mutu a wajen koyon ta cikin jiragen da ba su dace ba. Hujjarsu ita ce gara a koya wa mutum kauce wa rami da a koya masa fita daga ciki, musamman da yake yawancin katantanwar da ke kisa tana faruwa ne a kwanar ƙarshe kafin sauka, inda babu tazarar da za a gyara. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma har gobe masana suna jayayya a kanta. Sai dai da manyan jirage suka sami na'urar da ke tuƙi da kanta, aka wayi gari matuƙi na iya tara dubban awoyi alhali mintocin da ya riƙe jirgi da hannunsa kaɗan ne a kowace tafiya.

Shekarar 2009 ta tona wannan. A ranar 12 ga Fabrairu wani jirgin fasinja ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna na'ura ta yi gargaɗin sarewar fiffike, matuƙin ya ja baya maimakon ya tura gaba. A ranar 1 ga Yuni jirgin Air France mai lamba 447, daga Rio zuwa Faris, ya faɗa Tekun Atlantika da mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, na'urar tuƙi ta saki, mataimakin matuƙi ya ɗaga hanci har fiffike ya sare daga tsayin kimanin ƙafa 38,000. Kusan minti uku da rabi jirgin yana faɗowa, injunansa lafiya lau, ba a tura hancin ƙasa yadda ya kamata ba. Mu ma a nan ba mu manta da ranar 29 ga Oktoba 2006 ba, da jirgin da ya ɗauko Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Maccido, Allah Ya jiƙansa, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja. Rahoton bincike ya ambaci muguwar sauyawar iska, da sarewar fiffike a kusa da ƙasa inda babu tazarar gyara.

A 2014 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya ta shigar da horon kauce wa birkicewar jirgi da farfaɗo da shi cikin ƙa'idojinta. A Tarayyar Turai, tun daga Disamba 2019, mai shirin tuƙa jirgin fasinja sai ya yi awa 5 a aji da awa 3 a sama cikin jirgi na gaske, ana kifar da shi yana gyarawa. Na'urar kwaikwayon tuƙi da ke ƙasa tana da amfani ƙwarai, amma ba ta iya danna mutum a kujera da ninkin nauyinsa, ba ta kuma iya sa masa tsoro na gaske. Jiragen da ake wannan horo da su, da yawansu ƙanana ne masu kujera biyu da tayar wutsiya.

Halin da ake ciki a gida

An kafa makarantar koyon tuƙin jirage ta Zariya a 1964, shekarar da aka kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya da taimakon Jamusawa. Cikin jiragen farko da rundunar ta samu akwai Dornier Do 27, mai tayar wutsiya, wanda aka yi shi domin gajeren fili. A kansa Kyaftin ɗinmu na Haɗeja ya ce ya koyi aikin ƙafa a Kaduna. A shekarun 1970 aka kawo Bulldog daga Birtaniya, mai tayar hanci ne amma yana alkafura. Bayansa sai Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna bisa ƙirar wani ƙaramin jirgin Amurka, RV-6A. Asalin wannan ƙira, RV-6, mai tayar wutsiya ne, mu muka ɗauki mai tayar hanci. A 2016 aka ƙulla cinikin Super Mushshak guda 10 daga Pakistan domin horon farko. Mutanen Kano kuma sun saba ganin jiragen L-39 na makarantar sojan sama da ke filin jirgin Malam Aminu Kano.

Don haka sojanmu na sama bai taɓa rabuwa da alkafura ba, tana cikin manhajarsa tun daga matakin farko. Giɓin yana wajen farar hula. Jiragen da makarantar Zariya ta yi koyarwa da su a shekarun baya-bayan nan, irin su Tampico da Diamond, duka masu tayar hanci ne, kuma an gina su ne domin shirya ɗalibi zuwa manyan jiragen fasinja. Wannan ya dace da inda aikin yi yake. Amma jan-baki bai daina saukowa fadamun Haɗeja da Yobe da Kebbi ba, fara ma takan ɓullo daga Sahel, kuma jirgin da zai sauka a filin da leburori suka share da fartanya yana bukatar matuƙi mai irin ƙafar Kyaftin.

Ga malaman makaranta da suke son gwada wannan a aji, ba a bukatar kashe kuɗi. A sami gwangwanin sardin, a yi masa tayoyi biyu da marfin kwalba a kan kara guda, a manna ɗan dutse a cikinsa. A sa dutsen a gaban tayoyin a tura shi a kan siminti, za a ga ya tafi a miƙe. A mayar da dutsen bayan tayoyin a sake turawa da ƙarfi iri ɗaya, sannan a tambayi yara abin da suka gani.